Homon da zaɓen abokin aure: amsa ga ɗalibin Garwa mai neman batun mastar

Wani ɗalibi daga Garwa, wanda ya gama digirin farko a kimiyyar halittu yana shirin shiga mastar, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na karanta cewa homon ne ke sa mace ta fi son namiji mai kaushin fuska da kakkaurar murya a kwanakin da jikinta ke sakin ƙwai, sauran kwanakin kuma ta fi karkata ga mai sanyin hali. Ina so in gwada wannan a kan ɗalibai mata, in riƙa nuna musu hotunan fuskokin maza. Batun zai yi kundi? Kuma zai yiwu a nan arewacin Kamaru?"

Ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Fagen da ka nufa fage ne na gaske, kuma masu aiki a cikinsa daga wannan yanki namu ba su da yawa, shi ya sa tambayarka ta yi mini daɗi. Sai dai abin da ka ɗauko yana cikin da'awowin da suka fi rauni a duk fagen, kuma shi ne ya fi wuyar gwadawa a Garwa. Shawarata ka ajiye shi ka juya wajen maza, ka duba yadda testosteron ɗin namiji, wato homon ɗin mazantaka (homon sinadari ne da jiki ke fitarwa cikin jini), ke hawa da sauka tare da aure da haihuwa da ƙarin aure. A nan ne garinmu yake da abin da jami'o'in Turai da Amurka ba su da shi.

Tushen maganar tsoho ne. Tun 1871 masanin halittu Charles Darwin ya kawo ra'ayin cewa gasar neman abokin haihuwa da zaɓensa suna sassaƙa siffar dabba da halinta. A 1972 Robert Trivers ya ƙara cewa jinsin da ya fi shan wahala a kan ɗa shi ya fi tsantseni wajen zaɓe, kuma a mutane ciki na wata tara da shayarwa suna kan mace. A 1989 David Buss ya tambayi mutum fiye da 10,000 a al'ummomi 37, har da Najeriya da Zambiya. Ya sami maza sun fi mata ba ƙuruciya da kyau muhimmanci, mata kuma sun fi maza duba abin hannu. Amma maza da matan duk sun sa kirki da hankali a gaba da waɗannan, kuma wannan ɓangaren ne masu yaɗa labarin suka fi tsallakewa.

Abin da ka karanta ya fito ne a ƙarshen shekarun 1990. A 1998 Steven Gangestad da Randy Thornhill suka ba mata rigunan da maza suka kwana da su don su shinshina, suka ce matan da ke kusa da sakin ƙwai sun fi son warin mazan da ɓangarorin jikinsu biyu suka fi daidaita. A 1999 Ian Penton-Voak da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa a wannan lokaci mata sun fi son fuska mai alamun mazantaka. Bayanin da aka ɗora a kai shi ne wai jikin mace yana neman iri mai ƙarfi a ranakun da za ta iya ɗaukar ciki, a sauran ranakun kuma yana neman mai riƙo. Labari ne mai daɗin ji, ya shiga jaridu da littattafan koyarwa, har ya iso wayarka.

Daga baya aka sake awo. A 2014 ƙungiyoyi biyu suka tattara binciken da aka yi suka haɗa lissafinsa. Kelly Gildersleeve da Martie Haselton suka ce abin yana nan, Wendy Wood da mutanenta suka ce babu shi, alhali kusan takardu ɗaya suka duba. A 2015 aka maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kashi 36 cikin ɗari kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi, sai kowa ya shiga taitayinsa. A 2018 Benedict Jones da ƙungiyarsa a Jami'ar Glasgo suka bi mata 584, suna karɓar yawunsu sau da yawa suna auna homon, suna nuna musu fuskoki. Ba su ga son fuska mai mazantaka yana bin hawa da saukar homon ba. A shekarar kuma Julia Jünger da abokan aikinta a Jami'ar Gotingen ta Jamus suka gwada da siffar jikin maza, suna tabbatar da ranar sakin ƙwai da gwajin fitsari. Abin da suka gani shi ne a ranakun mata sun ɗan ƙara ganin kyan maza gaba ɗaya, ba wani nau'i na musamman ba.

Akwai abin da ya tsaya da ƙafarsa, kuma ya kamata ka san shi. Sha'awar mace takan ɗan ƙaru a tsakiyar zagayen al'adarta. James Roney da Zachary Simmons sun nuna a 2013 cewa tana hawa tare da estiradiyol tana sauka tare da furojesteron, wato homon biyu na jikin mace, kuma Ruben Arslan ya ga haka a bayanan yau da kullum fiye da 26,000 da mata sama da 1,000 suka rubuta. Ƙaruwar sha'awa daban, sauya irin namijin da ake so daban. Na farkon yana da hujja, na biyun yana tangal-tangal.

Babban abin da ya ruɗi binciken farko shi ne ƙirgen kwanaki. Ana tambayar mace yaushe ta ga jini, sai a ƙirga a ce yau tana ranakun ɗaukar ciki. Allen Wilcox ya nuna a 1995 cewa ranakun shida ne, suna ƙarewa a ranar da ƙwai ya fita. A 2000 kuma ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na mata ne kawai ranakunsu shida ke faɗawa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17, inda littafi ya ce su faɗa. Ke nan idan ka ɗauki ɗalibai 40 ka ƙirga musu kwana a kalanda, da yawa daga waɗanda ka rubuta a layin "mai sakin ƙwai" ba sa ciki. Gyaransa shi ne kowace mace ta riƙa tsoma tsinken gwajin LH, homon da ke tashi gab da fitar ƙwai, a fitsarinta kullum na kwanaki, wata bayan wata, ta kawo maka sakamako.

To, ka dubi kanka ka dubi Garwa. Kai saurayi ne. Wace ɗaliba ce za ta gaya maka ranar da ta ga jini, balle ta nuna maka tsinken fitsarinta, balle ta faɗa maka yau sha'awarta ta ƙaru? Wane miji ne zai bar ka ka tambayi matarsa? Sai ka ɗauki mata masu taya ka aiki, ka horar da su, ka biya su, kuma duk da haka waɗanda za su yarda ba za su wakilci matan garin ba. Sannan matan aure da yawa a wurinmu ko suna da ciki, ko suna shayarwa, ko suna allurar tazarar haihuwa, duk kuwa waɗannan ba sa shiga irin wannan bincike. Beverly Strassmann ta zauna cikin Dogon na Mali tana rubuta zuwan mata ɗakin al'ada dare bayan dare, ta lissafa cewa macen Dogon takan ga al'ada kusan sau 100 a rayuwarta, ta Amurka kuwa kusan sau 400. Wannan ya taɓa ra'ayin tun daga tushe, domin idan kakanninmu mata sun fi daɗewa cikin ciki da goyo, ranakun da ake ta magana a kansu ba su da yawa a rayuwarsu.

Kuma wa ke zaɓe? Menelaos Apostolou ya duba bayanan al'ummomi 190 na mafarauta da masu tsintar abinci a 2007, ya sami cewa a mafi yawansu iyaye ne ke da babbar murya a auren 'ya'yansu. Ko Woɗaaɓe da ake ɗaukar hotonsu a gerewol wajen Durbali a Chadi, inda 'yan mata ke nuna saurayin da ya fi burge su a filin rawa, auren fari a wurinsu iyaye ne ke ƙulla shi tun ana yara. A wurinmu yarinya tana da ra'ayi, amma akwai waliyyi, akwai binciken asali, akwai gwaggo da kawu, akwai sadaki da lefe. Tsakanin hoton da ta taɓa a fuskar waya da mutumin da aka ɗaura mata aure da shi akwai tafiya mai nisa.

Yanzu ga inda nake so ka dosa. A 1990 John Wingfield da abokansa suka fitar da bayani daga nazarin tsuntsaye: testosteron ɗin namiji yakan hau lokacin da yake kare wurinsa da neman mace, ya sauka lokacin da ake ciyar da 'yan tsaki. An gwada, an dasa wa wasu mazan tsuntsaye ƙarin testosteron a ƙarƙashin fata, sai suka rage kai abinci sheƙa. Aka ce bari a duba mutane. A 1993 Alan Booth da James Dabbs suka duba tsofaffin sojojin Amurka fiye da 4,000, suka ga masu yawan testosteron sun fi ƙin aure, waɗanda suka yi kuma sun fi saki. A 2002 Peter Gray ya ga magidanta a birnin Boston na Amurka suna ƙasa da marasa aure a yawan testosteron. Amma wanne ya riga wanne? Mai ƙarancin testosteron ne ke zama a gida, ko zaman gidan ne ke sauke shi?

Wanda ya warware wannan shi ne Lee Gettler da Christopher Kuzawa da abokansu, a binciken da suka wallafa a 2011 daga birnin Sebu na Filifin. Sun auna samari 624, suka dawo bayan shekara huɗu da rabi suka sake aunawa. Samarin da testosteron ɗinsu ya fi yawa tun farko su suka fi samun mata da 'ya'ya. Bayan sun zama iyaye kuma sai ya faɗi, na safe da kusan kashi 26 cikin ɗari, na yamma da kusan kashi 34, faɗuwar da ta zarce ta waɗanda suka zauna ba aure nesa ba kusa ba. Iyayen da ke yin awa uku ko fiye a rana suna hidimar yaro sun fi sauran ƙasa. Ka riƙe wannan sosai: homon yana tura mutum, rayuwar da mutum ya shiga kuma tana juya homon. Duk wanda ya ce maka homon ne direba mutum fasinja, rabin labarin ya karanta.

Da aka shigo Afirka sai abin ya ƙara armashi, domin sakamakon ya ƙi zama iri ɗaya. A tsibirin Lamu na Kenya, cikin Musulmi Sawahili, Gray ya sami a 2003 cewa masu mace ɗaya ba su yi ƙasa da marasa aure ba, masu mata biyu kuwa sun fi kowa. A wurin makiyayan Ariyal na arewacin Kenya, a 2007, masu mace ɗaya sun yi ƙasa da marasa aure, amma masu mata da yawa ba su fi masu mace ɗaya ba. A ƙauyukan Senegal, Alexandra Alvergne da abokanta daga Mompeliye ta Faransa suka sami a 2009 cewa a cikin mazan da ba su kai 50 ba masu mata fiye da ɗaya sun fi masu mace ɗaya, kuma iyayen da suka fi ɗawainiya da iyali sun fi ƙasa. A shekarar dai Martin Muller ya kwatanta maƙwabta biyu a Tanzaniya. Hadza mafarauta ne, uba yana kwana kusa da yaransa yana ɗaukarsu, kuma iyaye maza a cikinsu sun yi ƙasa da marasa 'ya'ya. Datoga makiyaya ne, namiji yana ci daban yana kwana daban, reno aikin mata ne, kuma a cikinsu ba a ga bambanci tsakanin uba da wanda bai haihu ba. Ashe ba takardar aure ko sunan uba ne jiki ke amsawa ba, sai kusanci da abin da mutum ke yi da yininsa.

Ka ɗora wannan a kan gidajenmu ka gani. A haihuwar fari mace takan tafi gidan iyayenta wankan jego, ta yi arba'in ko fiye, uban yana zuwa gaisuwa kawai, alhali wani maƙwabcinsa ma'aikaci matarsa tana ɗaki ɗaya da shi, kukan jariri yana tashe shi cikin dare. Muna da kunyar ɗan fari, mu da Fulani, inda uba ba ya kiran sunan yaron, ba ya wasa da shi a gaban mutane, amma ga ɗan auta a kan cinyarsa a zaure. Muna da mai turakarsa daban da mai ɗaki ɗaya na haya. Muna da rabon kwana. Muna da magidanci mai 'ya'ya biyar wanda da yamma yake fesa turare ya tafi zance domin yana neman ta biyu, wato uba ne kuma manemi ne a lokaci guda, kuma da izinin addini da al'ada, ba a ɓoye ba. Mai bincike a Boston ba zai sami wannan mutum ya zauna ya amsa masa tambaya a fili ba. Kai kuwa kana sallah da shi sahu ɗaya. A 2010 Joseph Henrich da abokansa suka ja hankalin duniya cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun wannan ilimi daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya suke. Abin da kake ganin koma-baya ne, wato zamanka a Garwa, shi ne jarinka.

Ga tambayar da zan so in gani a shafin farko na kundinka: a cikin mazan Garwa masu shekara 25 zuwa 45, shin testosteron ya bambanta tsakanin marasa aure, da masu mace ɗaya, da masu mata fiye da ɗaya, kuma shin yawan lokacin da uba ke yi kusa da ƙaramin yaro yana da alaƙa da shi? Ta isa mastar. Bin mutum ɗaya kafin ya ƙara aure da bayan ya ƙara, ko kafin haihuwa da bayanta, shi ne ya fi ƙarfin hujja, amma yana cin shekaru, ka bar shi sai dakta.

Adadin mutane shi ne inda ɗalibanmu suka fi faɗuwa. Idan bambancin da kake nema matsakaici ne, lissafi yana neman mutum 64 a kowane rukuni kafin ka sami damar kashi 80 cikin ɗari ta ganinsa, wato 192 a rukuni uku. Idan alaƙa ce mai rauni tsakanin abu biyu, irin wadda ake rubutawa 0.2, kana bukatar kusan mutum 194. Da mutum 30 duk abin da ka samu zai iya zama dace kawai. Manhajar G*Power kyauta ce, ka yi wannan lissafi kafin ka sayi ko kwalba ɗaya.

Sai abubuwan da ke shiga tsakani su ɓata lissafi. Mai mata biyu galibi ya fi shekaru, ya fi kuɗi, ya fi tumbi, kuma shekaru da ƙiba duk suna sauke testosteron, don haka dole ka rubuta shekaru, ka auna nauyi da tsawo da ƙugu. Zazzaɓin cizon sauro yana sauke shi na ɗan lokaci, an nuna haka a Honduras a 2005, saboda haka wanda ya kwanta a makon nan ka ɗaga masa, kuma ka yi hattara da damina. Tiramol da danginsa suna danne shi, kuma kai ka san yadda ƙwayar ta yaɗu tsakanin wasu 'yan moto da masu aikin ƙarfi. Ka tambaya a keɓe, cikin mutunci, haka ma maganin maza da ake saye a kasuwa. Mai gadin dare da direban da ya kwana a hanyar Ngaundere barcinsu ya juye. Watan azumi kuma ka tsallake shi gaba ɗaya, domin sahur da tahajjud suna sauya barci da ci, testosteron kuwa yana hawa ne cikin barci, ya kai ƙololuwa da asuba, ya yi ta sauka har dare. Wanda ka auna ƙarfe shida na safe da wanda ka auna bayan la'asar ba a haɗa su a ma'auni ɗaya.

Da yawu za ka yi aiki, ba jini ba. Ya fi sauƙi, kuma ga testosteron ɗin maza yana ba da awo mai amfani, saɓanin estiradiyol na mata wanda awonsa a yawu ba abin dogaro ba ne sosai, wani dalilin kuma na barin batunka na farko. Amma karɓar yawu a garinmu sana'a ce. Ka ƙaddara ka tsaya a ƙofar masallaci an idar da sallar asuba, da akwatin ƙanƙara a kan moto. Dattijo ya fito, ya riga ya goge haƙora da asuwaki, ya jefa ɓarin goro a baki. Ka miƙa masa 'yar kwalba, ya tofa, ka ɗaga ta a hasken tocila sai ka ga yawun ya yi ja-ja. Ko goro ne ko dasashi ne ya yi jini, wannan kwalba ta tashi aiki, domin testosteron ɗin da ke cikin jini ya ninka na yawu sau da yawa, ɗigo kaɗan ya isa ya ɗaga lambar. Don haka tun daren jiya za ka roƙe shi kada ya yi asuwaki, kada ya ci goro, kada ya sha shayi sai ka zo. Ya kurkure baki da ruwa, a jira minti goma, ya sunkuyar da kai ya bar yawu ya taru ya zubo ta bututun roba da kansa. Kada ka sa auduga a bakinsa, auduga tana ɓata awon, haka cingam. Ka rubuta lokacin da ya farka da lokacin da ya tofa. Kowane mutum a karɓa aƙalla safiya biyu.

Daga nan sai sanyi. Yawun yana son daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili, a garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40 kuma wuta ke ɗaukewa. Kwalbar da ta narke ta sake daskarewa sau da yawa lambarta ba ta da tabbas. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ka karɓi yawun mutum ɗaya ka san firizar da zai kwana a ciki, ka san tana da janareta ko hasken rana. Ka je reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa, ka je dakunan gwaji na jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa, ka tambayi wa ke da na'urar karanta farantin ELISA, wato farantin da ake auna homon a yawu da shi, kuma da wane sharaɗi. Faranti ɗaya yana da rami 96, kowane yawu ana zuba shi rami biyu, ga ramukan ma'auni, sai ya rage maka wurin kusan 40. Mutum 192 sau biyu ya kai faranti goma. Da wannan lissafi za ka rubuta neman tallafi, ko wurin AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, ko DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, ko ka rubuta wa ɗaya daga masu binciken da na ambata ka nemi haɗin gwiwa. Kuma ka cakuɗa rukunonin a kowane faranti, kada ka zuba gwauraye duka a ɗaya masu mata biyu a wani, in ba haka ba bambancin faranti zai fito maka da kamannin bambancin aure. Kada kuma ka gwada lambobinka da na littafin Amurka. Peter Ellison ya nuna a 2002 cewa samarin Amurka sun fi na ƙabilar Lese a Kwango da na Nepal da Faragwai yawan testosteron, saboda haka mutanen Garwa da junansu za ka kwatanta.

Abin da ya fi firiza wuya shi ne amana. Mutumin da ya tashi yana jin cewa da yawu da gashi da farce ake yi wa mutum sammu, ka zo da asuba ka ce ya tofa a kwalba ka rubuta lamba ka tafi da ita, yana da haƙƙin ya yi zargi, kuma kada ka raina shi a kan haka. Ka fara da mai unguwa da liman da shugabannin 'yan kasuwa da sarkin fawa. Ka yi bayani da Hausa da Fulatanci, ka tofa naka a gabansu. Ka faɗi inda yawun zai je, da wanda zai taɓa shi, da ranar da za a zubar da ragowarsa, ka yarda wakilinsu ya zo ya gani. Suna ba ya hawa kan kwalba, lamba kawai, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma tana kulle a wurin mai duba aikinka. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike wajibi ne, Kamaru ta yi doka a 2022 kan binciken lafiya da ya shafi mutane, kuma fitar da yawun zuwa wata ƙasa yana da nasa takardun. Ka shigar da neman da wuri, yana ɗaukar watanni.

Kafin ka buɗe sakamako ko ɗaya, ka rubuta hasashenka da hanyar lissafinka ka ajiye a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, inda kwanan wata zai zauna ba ya goguwa. Abin da ya jefa binciken zagayen al'ada cikin rigima shi ne kowa yana da 'yancin matsar da ranaku gaba ko baya har sai lamba ta yi kyau. Idan ka gama ka ga babu bambanci tsakanin mai mace ɗaya da mai uku, ka rubuta haka da ƙarfin gwiwa. Sakamakon Datoga ma "babu bambanci" ne, kuma har yau ana ambatonsa.

Ranar kare kundi wani zai tambaye ka, ko a zauren ko a gida, shin kana cewa homon ne ya sa Alhaji ƙara aure, ko kana ba mai neman mata uzuri? Ka amsa a natse cewa awon yana bayyana abin da ke faruwa a jiki ne, bai halatta komai ba bai haramta komai ba, kuma bambancin na matsakaicin rukuni ne, za ka sami gwauro mai ƙasa da mai mata huɗu da akasin haka. Wani kuma zai tsaya a kan kalmar juyin halitta, wato ra'ayin Darwin. Kai musulmi ne mai karatun kimiyya, ka san ra'ayin da hasashen ya fito daga gare shi, ka bayyana shi daidai yadda masu shi suka faɗa, sannan ka nuna cewa abin da ka auna yawu ne na mutanen Garwa, wanda duk mai shakka zai iya sake aunawa.

Ka shirya wa tambayar da mutanenka za su yi maka tun ranar farko, domin za su yi ta: "To malam, nawa ya fito? Lafiya ta ƙalau?" A kunnen yawancinsu awon testosteron awon mazakuta ne, kuma lambar da ka faɗa wa mutum a shagonsa za ta iya kai shi wurin mai maganin gargajiya, ko ta zama abin gori tsakanin abokai, ko ta isa kunnen kishiyoyi. Ka gaya musu tun kafin su tofa cewa wannan awo ba na asibiti ba ne, ba ya nuna ƙarfin namiji ko haihuwarsa, kuma ba za ka ba kowa lambarsa shi kaɗai ba. Wanda ke da damuwa a jikinsa ka haɗa shi da likita a yi masa gwajin jini. In aiki ya kammala ka koma wurin mai unguwar da ya buɗe maka ƙofa, a tara waɗanda suka ba da yawunsu, ka karanta musu sakamakon rukuni gaba ɗaya da harshen da suke ji. Ka sa kuɗin wannan zama a cikin kasafinka tun yanzu, sannan ka rubuto mini shafi biyu da tambayarka da rukunoninka da inda firizarka take, mu duba tare.